Tankin ruwan zafi na zoɓon Yaya: daga hunturu zuwa damina

9 ga Nuwamba, 2024

Yayata tana sana'ar zoɓo da kunun zaki da lemon citta a gidanmu, a wani ƙauye da ke gefen titin Gumel zuwa Maigatari. Zoɓon kansa ba ya mana wuya, a ƙasarsa muke, ranar Alhamis buhu-buhu ake loda shi a kasuwar Maigatari. Abin da ke cinye ribar shi ne tafasa ruwa. Ranar da ciniki ya buɗe sai ta tafasa jarka biyu, wato lita 50, ban da na wanke goruna. Kara yana ƙarewa tun kafin bazara, itace ya yi tsada, gas kuwa ya fi ƙarfin zoɓon naira ɗari.

Wutar lantarki galibi cikin dare take zuwa mana. Shi ya sa na yanke shawarar haɗa tanki mai hita, ruwa ya tafasa kafin asuba. Murhu dai yana nan, ba za a rushe shi ba. Duhun rashin lantarki da Arewa ta sha a ƙarshen watan jiya ya ishi kowa darasi.

Akwai dalili na biyu, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Ɗanta ya dawo daga makarantar kwana da dabarar 'yan hostal: murfin gwangwani biyu, a sa ɗan katako tsakani, a ɗaura waya a kowanne, a jefa cikin bokiti. Yana tafasa ruwa kuwa, da sauri ma. Sai dai ta cikin ruwan wutar take bi daga wannan murfi zuwa wancan, ke nan ruwan gaba ɗaya wuta ne. Yaro ya tsoma yatsa ya ji ko ya yi zafi, ƙafarsa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, shi ke nan. Na karɓe shi na yanke wayar.

Yau na zauna na soke abubuwan da ba za mu yi da su ba. Shuɗin duro na roba shi kowa ke ba ni shawara, saboda araha. An yi shi ne don ruwan sanyi. In ya ji tafasasshen ruwa yakan yi laushi, ramin da aka ɗaura hita ya saki, ruwa ya fara tsiyaya daidai inda waya take. Sannan babu mai iya rantsuwa a kan abin da aka zubo a cikinsa kafin ya iso kasuwa. Duron ƙarfe mai shafen tutiya shi ma na soke, zafi da tsami suna cinye shafen. Tukunyar alminiyam ta zubi, irin wadda maƙera ke narka tarkacen inji su yi, ita ce ta fi wuyar sokewa don akwai ta a gida. Amma wani bincike da aka yi a Kamaru, aka wallafa a 2014, ya samu dalma tana fita daga irin waɗannan tukwane in an dafa abu mai tsami a ciki. Wanda ya tuna yara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba zai ɗauki maganar da wasa ba, ko da yake can daga dutsen zinare ta fito. Saura silba, wato farin ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya saurin tsatsa.

23 ga Nuwamba

Na shiga Kano. Tukunyar silba mai cin lita 60 na saya, mai kauri, da murfinta. Na tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, bai kama ta ba. Wannan gwajin yana kore ƙarfen banza da aka goge ya yi ƙyalli, amma ba ya bambanta silba mai lamba 304 da mai lamba 201 wadda ta fi araha kuma ta fi saurin tsatsa, don duka biyun ba sa kama maganaɗisu sosai. Mai shago ya ce 304 ce. Lokaci zai faɗa.

Hita mai wat 3000 na ɗauka a Sabon Gari, na sa aka auna mini ita a gabana. Tsakanin ƙafafunta biyu mitar gwaji ta nuna turjiya ta kusan om 17 da rabi, wanda shi ne daidai ga wat 3000 a kan bolt 230. Tsakanin ƙafa da jikin ƙarfen kuwa dole mita ta yi shiru. In ta motsa, wuta tana tsallakawa, a ajiye ta ko da kyauta ce.

Lissafin da ya yi mini jagora bai da yawa. Wat 3000 a raba da bolt 230 ya ba da amp 13. Wayar da za ta ɗauki wannan na sa'o'i ba tare da ta yi zafi ba ita ce wadda ake kira mai milimita 2.5, ta tagulla zalla. Kasuwa ta cika da wadda cikinta alminiyam ne aka shafa mata tagulla a baya. Na kankare bakin guda da wuƙa, sai ga fari ya bayyana. Mai shagon ya yi dariya ya ce, "Malam, ai araha ba ta ado," sannan ya shiga ciki ya fito da ta gaskiyar, kuɗinta ya kusa ninki.

Tukunyar na bar ta wajen mai waldar agon a Ƙofar Ruwa. Waldar gida da sandar ƙarfe ta yau da kullum tana riƙewa, amma layin ɗinkin ne zai fara tsatsa.

7 ga Disamba

Tukunya ta iso a motar kasuwa. Ramuka biyu aka yi mata, kowanne da zoben silba mai haƙora. Na ƙasa na hita ne, yatsa uku daga gindi. Na famfo yana samansa, ya ɗara hitar da wasu yatsu ukun.

A kan wannan muka yi ta ja da Yaya. Ta leƙa ta ce, "To wannan ruwan na ƙasa fa, wa zai sha? Ka sa famfo a gindi mana kowa ya huta." Na ce, "Yaya, wannan ruwan shi ne ran hitar." Hita irin wannan an gina ta ne ruwa ya riƙa kwashe zafinta. In ta fito fili tana kunne, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci sai ta yi ja, siririyar wayar cikinta ta tsinke, ko jikinta ya tsage. In famfo yana sama da ita, ko an manta shi a buɗe, kusan lita 10 za su rage su rufe ta. Gidan da yara ke ɗiban ruwa ba a dogara da cewa kowa zai tuna, gara tankin ya hana da kansa.

Famfon silba ne. Bututun roba fari da ake jan ruwan sanyi da shi ba ya jure abin da ya wuce digiri 60, bai zo kusa ba. Woshar da ke tsakanin hita da zobe ta silikon ce, don robar tayar keke da wasu ke yankawa tana bushewa ta tsage, ga wari a ruwa.

Murfi a ɗora kawai, babu ƙulli, babu dutse a kai. Ruwa in ya zama tururi yakan nemi wuri fiye da ninki 1,600 na inda yake. Tankin da aka toshe ko'ina bam ne.

21 ga Disamba

Ranar wayarin. Yaron da ke mana gyaran wuta, wanda duk garin ke kira Injiniya, ya jawo layi na musamman tun daga allon mita, bai haɗa da na ɗakuna ba. Ya sa bireka mai amp 20. Da na fito da ɗaya na'urar, mai yanke wuta in ta zurare, wadda aka rubuta miliamp 30 a jikinta, sai ya ce, "Malam, ai ga bireka, wannan ɓarnar kuɗi ce."

Ba aikinsu ɗaya ba. Bireka waya take karewa, ba ta faɗuwa sai abin da ke wucewa ya haura amp 20. Mutum kuwa abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amp guda ba ya isa ya rikita bugun zuciyarsa. Za a iya yi masa sallah bireka tana nan tsaye. Ita ɗayar tana auna wutar da ta tafi da wadda ta dawo, in an samu giɓin miliamp 30 ta san wani wuri ta bi, ko ruwa ko jikin mutum, sai ta yanke nan take.

Sai sandar ƙasa, wato sandar ƙarfen da ake kafawa a ƙasa don wutar da ta zurare ta bi ta can. A nan ƙasarmu ta nuna halinta. Rairayi ne, ka haƙa gaba guda ba ka ga danshi ba, busasshen yashi kuma ba ya karɓar wuta. A ce turjiyar sandar om 100 ce, wanda a yashi irin namu ba ƙaramar sa'a ba ce. Bolt 230 a raba da 100, amp biyu da ɗoriya ke nan. Bireka mai amp 20 ko gezau ba za ta yi ba, tukunya kuwa tana ɗauke da wuta tana jiran hannu. Ke nan sanda ita kaɗai ba ta ceto, sai an haɗa ta da na'urar miliamp 30, wadda ɗan wannan ya ishe ta ta faɗi. Gidaje da yawa da ake cewa an yi musu atin, wato an kafa musu irin wannan sanda, kwanciyar hankali kawai aka saya.

Mun kafa sandar a bakin makwararar da ruwan wanke-wanke ke bi, inda ƙasa ba ta bushewa. Injiniya ya zuba gawayi da gishiri a ramin yadda suka saba. Gishirin yana taimakawa, amma yana cin sandar, don haka na ce a rage, kuma a bar mahaɗin waya a fili inda ido zai riƙa ganinsa. Koriyar wayar da ta taho daga sandar an ɗaure ta da noti a jikin tukunyar kanta, aka ƙara wata zuwa ƙafafun ƙarfen da take zaune a kai.

5 ga Janairu, 2025

An kunna. Ruwan da ya kwana a jarka cikin wannan sanyi digiri 20 ne. A takarda, ɗaga lita 50 daga nan zuwa tafasa yana cin yunit huɗu da rabi da 'yan kai, wato awa ɗaya da rabi in hita tana ba da cikakken ƙarfinta. A zahiri ya kusa awa uku.

Abu biyu ne suka ci lokacin. Na farko iskar hunturu tana bugun jikin silba tana kwashe zafi. Na biyu wutar ba ta cika ba, mita ta nuna bolt 180. Mutane suna zaton in wuta ta ragu da kashi ɗaya cikin biyar, zafi ma haka zai ragu. Ya fi haka. Ƙarfin hita yana bin bolt ne sau kansa, don haka a 180 hitar wat 3000 ba ta ba da abin da ya wuce 1,850.

Wutar ba a hannuna take ba. Iskar kuwa mun yi maganinta: buhun algarara ninki biyu, aka ɗura buntun shinkafa a tsakani, aka ɗinke shi riga, aka bar fili mai faɗi a kewayen kan hitar don kada wani abu mai kamawa ya kusanci waya. Ruwan da aka tafasa da tsakar dare yana kai hantsi da zafin da zai dama gasarar kunu in an ɗan ƙara masa wuta.

2 ga Fabrairu

Fulogi ya fara wari, ƙafa ɗaya ta yi baƙi, robar gefenta ta narke. Amp 13 aka rubuta a jikinsa, amp 13 hitar ke ja, babu sarari ko kaɗan, ga awanni ana yi. An cire fulogi da soket gaba ɗaya, an sa makunni mai amp 20 irin na na'urar sanyaya ɗaki, mai yanke wayoyi biyu lokaci guda. Kowane noti Injiniya ya sake ɗaure shi. Sau da yawa in wutar lantarki ta ci gida, a mahaɗa mai sako-sako take farawa.

9 ga Maris

Azumi ya kama ranar 1 ga wata, ciniki ya ninka. Tankin yana aiki duk daren da aka samu wuta.

Yaya ta kawo shawarar a riƙa zuba zoɓo da citta da kanumfari kai tsaye cikin tankin, a huta da juye-juye. Na ƙi. Silba tana jure tsami, gaskiya ne, amma gindin hitar na farin gaci ne, kuma irin wannan gaci sau da yawa akwai ɗan dalma a haɗinsa. Zoɓo kuwa tsaminsa ya kusa na lemon tsami. Ga ganye da zai naɗe hita ya ƙone a jikinta. Tankin na ruwa ne zalla. A tara a babbar robar abinci ko wata tukunyar silba, a jiƙa zoɓon a can. Launin ma ya fi fita kyau in an zuba masa tafasasshen ruwa an rufe, a kan a yi ta dafa shi.

Gorunan roba kuma ba a zuba musu ruwan tankin kai tsaye, suna lanƙwashewa tun a wajen digiri 70. A sirka tukuna.

16 ga Maris

Daren jiya wajen sahur na'urar miliamp 30 ta faɗi, aka tayar, ta sake faɗuwa. Wani maƙwabci da ya shigo karɓar ƙanƙara ya ce a tsallake ta da guntuwar waya, ai haka kowa ke yi, bayan Sallah a duba. Yaya ta kalle ni, ga gasara tana jira. Na ce, "Yaya, yau dai a hura kara."

Da gari ya waye muka buɗe murfin robar da ke rufe ƙafafun hitar. Cike yake da danshi, noti ɗaya ya yi kore. Ba yoyo ba ne. Tururi ne ke fita ta gefen murfin tukunya, ya zama raɓa, ya gangaro ta ƙarƙashin rigar buhu, ya ɗiga daidai kan hitar. Da an tsallake na'urar, da hannun farko da ya kama famfo shi zai gaya mana.

Mun busar da wurin a rana, aka sauya notin, aka samo ƙaramin akwatin wuta na roba mai rufi aka kifa a kai, waya ta shiga ta ƙasa ta yi ɗan lanƙwasa yadda ɗigo zai faɗi ƙasa kafin ya kai ciki. An kuma huda murfin tukunya ta ɗaya gefen, tururi ya samu hanyarsa nesa da waya.

12 ga Afrilu

Bayan Sallah aka samu sararin kwance hitar. Tun makon ƙarshe na azumi take wata ƙara, tana ƙas-ƙas kafin ruwa ya yi zafi. Farin ɓawo ne ya lulluɓe ta, mai kauri da tauri kamar ƙanzon tuwo. Ruwan burtsatsenmu yana da sinadarin farar ƙasa, zafi ne ke fitar da shi ya manne a wurin da ya fi ko'ina zafi. Illarsa ita ce yana tsare zafin a cikin hitar, wayar ciki ta yi ta gasuwa har ta mutu tun kwananta bai ƙare ba.

Ba a kankare shi da wuƙa, jikin hitar siriri ne. Na jiƙa tsamiya mai kauri da ruwan ɗumi, na tsoma ƙarfen kawai, kan wayar yana waje, ya kwana. Da safe ɓawon ya yi laushi, soson buhu ya fitar da shi. Ruwan lemon tsami ya fi sauri, tsamiya ta fi araha. Na sa a riƙa yi duk ƙarshen wata.

Mun duba sandar ƙasa kuma, tunda yanzu ne ƙasa ta fi bushewa. Akwai abin da mutane ba su lura da shi ba: maɓallin gwaji da ke jikin na'urar miliamp 30 kanta kawai yake gwadawa, zai yanke ko da babu sanda sam. Injiniya ya gwada da ƙwan fitila tsakanin layin wuta da sandar, ya ci amma dishi-dishi, alhali a Disamba ya fi haka haske. Wannan gwajin na masu sana'ar ne, kada wani ya kwaikwaya. Mun ƙara sanda ta biyu, taku huɗu daga ta farko, aka haɗe su, aka ce yara su riƙa juye ruwan ɗauraya a wurin.

18 ga Mayu

Hita ta mutu. An ɗauke wuta da yamma makunni yana kunne. Yaran suka ga babu wuta, suka karkata tukunyar suka juye ruwan ƙasa don su wanke ta, suka tafi. Cikin dare wuta ta dawo. Da safe ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi, ya tsage a lanƙwasa, gefen rigar buhu ya babbake. Allah ya kiyaye, filin da aka bari a kewayen kan hitar ne ya hana buntun kamawa.

Tsayin famfo yana maganin mantuwa, ba ya maganin karkatarwa. Kuma a garin da wuta ke tafiya ta dawo ba sallama, makunni na yau da kullum yana da wannan aibin: yana nan yadda aka bar shi. Abin da ya dace shi ne sitata irin ta injinan lantarki, mai maɓalli kore da ja. Cikinta akwai maganaɗisun da wutar ce ke riƙe shi. In an ɗauke sai ya saki, in ta dawo ba zai kama ba sai mutum ya zo ya danna kore da hannunsa. Na ba da saƙo a sayo tare da sabuwar hita. Ƙafafun tukunyar kuma an ɗaure su da ƙarfen zama, ba ta karkatuwa sai an kwance noti.

20 ga Yuli

Damina ta zauna. Ƙasa ta jiƙu, ƙwan gwaji yana ci tar. An ɗaga tankin kan dakali, an ƙara kwano a rumfar don feshin ruwa. Dokar gidan yanzu: in hadari ya haɗo a kashe daga allon mita, kuma babu mai taɓa famfo ba takalmin roba.

Ɗige-ɗigen tsatsa sun fito a cikin tukunyar, kusa da layin walda da kuma daidai inda ruwan ƙasa ke tsayawa. Ba su huda ba, soso yana fitar da su, amma suna dawowa. Zargina ya karkata ga 201. Na hana wanke ta da sinadarin bilic, don yana cin silba, na kuma hana soson ƙarfe, wanda ke barin ɓurɓushinsa ya yi tsatsa a jiki.

Sitata tana aikinta, sai dai ta zo da nata halin. In wuta ta sauka ƙasa da bolt 190 maganaɗisun ba ya kamawa sosai, sai ta yi ta kakkarwa, kuma wannan kakkarwar tana ƙona bakin mahaɗanta. Injiniya yana ganin a sa mata ƙaramar sitabilaiza ita kaɗai, tunda abin da maganaɗisun ke ci kaɗan ne, a bar hitar a kan layi kai tsaye. Za mu gwada ranar Asabar in an samu wuta. Na kuma auna rufin rumfar, zai ɗauki baƙin tiyo mai tsawon mita 50 a naɗe. In rana ta ɗaga ruwan zuwa digiri 45 kafin ya shiga tanki, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na aikin hitar ya ragu. Sai dai tiyon dole ya zama na ruwan sha, ba na ban-ruwan lambu ba, kuma har yanzu ban samu mai shi a Gumel ba.